Uwar Kati da Ɗalibar da Na'ura Ta Haɗiye

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, kafin mai shara ya gama barandar bene na farko. Jaka a kafaɗa, makullai a hannu, tana tafe tana gaishe da mutane kamar an shekara ba a haɗu ba. Ofishinta shi ne na ƙarshe a hannun hagu, inda aka rubuta "Katin Shaida da Musayar Ɗalibai" a jikin ƙofa. Ta buɗe taga, ta goge madubin da ke rataye a bango, ta kaɗe farin ƙyallen da ɗalibai ke tsayawa a gabansa a ɗauke su hoto, sannan ta kunna kwamfuta ta ce mata, "To mutuniyar, yau dai a zauna lafiya." Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin nan. Sunanta na yanka kuwa sai dai a takardar albashi, domin kowa a jami'a Uwar Kati yake ce mata, har maigidanta idan tsokana ta motsa masa.

Watan jiya ta yi ritaya. An yi ɗan taro, an sha lemo, manya sun yi jawabin minti uku-uku, an ce ta yi aiki tuƙuru, an tafa, an watse. Ni da bango ɗaya ya raba ofishina da nata, raina bai so ba. Ko mutum ɗaya bai ambaci makon da wata ɗaliba ta kusa rasa gurbin karatunta a ƙasar waje ba, alhali duk wanda yake son ya san wace ce Uwar Kati, wannan makon ya kamata a ba shi labari. To, tunda sun ƙi faɗa, ni zan faɗa.

Amma bari ku fara sanin yadda take aiki. Ba ta ba ɗalibi kati sai ta kalli fuskarsa ta ji muryarsa. Idan ya tsaya gaban ƙyalle ya murtuke, sai ta sauke kyamara ta ce, "Ɗana, wa ka ɗaure wa fuska, ni ko kyamarar? Shekara huɗu za ka yi kana nuna hoton nan a kowace ƙofa. Saki ranka." Kafin ya gama dariya ta ɗauka. Da ya fita sai ta juya fom ɗinsa, ta ɗan rubuta wani abu a baya da fensir: "dogo, yana in'ina idan ya ji kunya," ko "ta zo da goyo," ko "mai surutu, a ba shi kujera." Ba wata doka ce ta sa ta ba. Ta ce ita dai ba ta iya riƙe lamba a ka, amma mutum ba ya ɓace mata.

Ɗaya rabin aikin shi ne na musaya, wato ɗaliban da ake turawa wata jami'a su yi zangon karatu ɗaya su dawo, da baƙin da ake turo mana. A zamanin takarda wannan aiki wahala ce tsagwaronta. Yarjejeniyar darussa kaɗai, wato takardar da ke nuna darussan da ɗalibi zai ɗauka a can, sai ta sha sa hannu uku da hatimi biyu, a sa a ambulan, a aika, a zauna jiran amsa wata guda, ta dawo an ce an manta shafi na huɗu. Ita ke bin malamai ofis-ofis da fayil a hammata. Akwai malamin da ya taɓa ɓuya mata a banɗaki, ta ja kujera ta zauna a baranda tana jiransa har ya gaji ya fito ya sa hannu.

Shekara biyu da suka wuce aka ce komai zai koma na'ura. Katin shaida zai shiga waya, ƙofar laburare da ta ɗakin kwana za su riƙa karanta shi, takardun musaya kuma jami'a da jami'a za su riƙa tura wa juna kai tsaye, ba ambulan ba hatimi. Nan fa aka fara ƙus-ƙus a baranda: ai Uwar Kati ta gama yawo, tsohuwa da tafireta ina ita ina manhaja? Maganar ta kai kunnenta. Ta je ta sami Injiniya, shugaban sashen kwamfuta, wani mutum mai sanƙo da haƙurin tsiya, ta ce masa, "Ƙanena, ka koya mini. In na yi shirme ka yi dariyarka, ba zan ji haushi ba, amma ka koya mini."

Shirme kam ta yi shi. Hannun da ya saba da tafireta bai san lallashi ba, allon madannai biyu ta kashe a wata ɗaya. 'Yarta, wadda ke aiki a kantin magani, ta riƙa ara mata kwamfutarta ranar hutu tana zaune kusa da ita cikin fargaba. Maigidan kuwa, tsohon direban motar asibiti, yana kishingiɗe yana jin ƙarar dukan sai ya ce, "Wai kwamfutar ce ta yi miki laifi, ko ni kike tunawa?" Ta ce, "Ka ci gaba, in na gama da ita kanka zan dawo." Cikin wata huɗu ta zama ita ake kira idan manhajar ta cije. Waɗanda suka ce ta gama yawo, su ne ke leƙowa ofishinta suna sosa ƙeya.

Wajen shigar da tsofaffin fom ne aka ci karo da wani ɗan cikas. Ɗalibai da yawa shekarar haihuwa kawai ke takardarsu, ba rana ba wata, na'ura kuma ta kafe ba za ta wuce ba sai an cike gurbin. Aiki ya tsaya cak, ga fom dubbai a jibge. Uwar Kati ce ta ba da shawara a sa musu ɗaya ga watan ɗaya a wuce, daga baya a nemi kowa a gyara. Aka yi haka, aka yaba da dabarar, aiki ya tafi. Gyaran nan na daga baya kuwa, ita da kowa duk suka manta da shi.

Ranar wata Litinin, saura mako uku ta ajiye aiki, wata ɗaliba ta faɗo ofishin ko sallamar kirki ba ta iya yi ba. Mai Rijiya ce, sunan da Uwar Kati ta laƙaba mata ke nan saboda ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa take karanta. Ba yarinya ba ce. Ta yi shekara goma tana aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse kafin ta dawo aji, tana da 'ya'ya biyu, kuma tana cikin mutum shida da aka zaɓa su tafi wata jami'a a ƙasar waje su yi zango ɗaya. An gama shiri a gida. Surukarta ta riga ta tare a ɗakin yara don ta riƙe su, mijinta mai walda ya gyara mata hannun akwati.

"Mama, ƙofar laburare ta ƙi ni," ta ce tana haki. "Sau uku ina sa katin tana kunna jar wuta. Ga kuma saƙo daga can, wai sun duba ba su same ni a cikin ɗalibanmu ba. In ba a tabbatar da ni ba zuwa ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, wani za su ba gurbin."

"Zauna tukuna, ki sha ruwa. Kawo lambar."

Uwar Kati ta buga lambar. Suna ya fito daidai, sunan mahaifi daidai, amma fuskar da ta bayyana ta wata doguwa ce mai tabo a haɓa, a ƙasa kuma an rubuta cewa ta kammala karatu bara, fannin shari'a.

"Ikon Allah! Ashe kin zama lauya ba ki gaya mana mun yi murna ba?"

Mai Rijiya ta yi dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta koma kuka.

Aka kira Injiniya. Ya duba, ya shafa sanƙo, ya yi bayani dalla-dalla. A ƙarshen mako an saki manhajar ta yi shara, ta haɗe waɗanda suka yi rajista sau biyu. Duk inda ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya sai ta ɗauka mutum ɗaya ne, ta riƙe tsohon ta haɗiye sabon. Mai Rijiya na da takwara, ita ce doguwar nan, kuma su biyun ranar haihuwarsu ɗaya a na'ura. Uwar Kati ta matso da fuska ta karanta ranar: ɗaya ga watan ɗaya. Nan take ta gane hannun da ya rubuta.

"Zan iya raba su," in ji Injiniya, "amma ba da baki ba. Sai an kawo fom na asali na su biyun, da sa hannun Magatakarda. In ba haka ba gobe kowa ya zo ya ce in ƙirƙira masa ɗalibi."

Fom na asali kuwa suna sito, bayan garejin motocin jami'a, cikin kwalaye sun fi ɗari huɗu da aka tara ana jiran a niƙe su. Leburorin da suka kwashe su sun cakuɗa komai, ba shekara ba sashe. Mai sito, wani dattijo da ƙorafi ya zame masa abinci, ya buɗe ƙofa ya nuna wa Uwar Kati tulin ya ce, "Yaya, in kin same su kafin Juma'a ni ma ki nemo mini ƙuruciyata, a nan ciki ta ɓata."

Ta tsaya ta kama ƙugu tana kallon kwalayen. Can sai ta ce, "Shekarar da yarinyar nan ta shigo koren fayil ya ƙare mana, rawaya muka yi amfani da shi. Ita kuma lauyar, shuɗi ne shekararsu. Kada ka buɗe kwali gaba ɗaya, ɗaga kunnensa kawai ka ga launi."

Haka suka wuni Talata, suka wuni Laraba. Ta ɗaure hanci da hankici, ta cire takalmi, tana hawa benci tana sauka da gwiwoyin nan nata da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Mai Rijiya ta zo za ta taya su, ta kore ta: "Kina da aji ƙarfe goma. Ɗaliba ce ke, ko na'ura ta yarda ko ba ta yarda ba. Wuce." Mai sito yana ƙorafi yana ɗaga kwali, har ya manta da lokacin shayinsa, abin da masu gareji suka ce ba su taɓa gani ba. Da yammacin Laraba rawayan ya fito. Shuɗin sai da safiyar Alhamis, a can ƙasan tuli, ƙarƙashin wata karyayyiyar fanka. Ta juya bayan fom ɗin biyu, ga rubutunta na fensir bai goge ba. Ɗaya: "mai wushirya, tafin hannu da kaushi, ta ce garinsu ruwa ke wahala." Ɗayan: "doguwa, tabo a haɓa, ta sa na sake hoto sau huɗu." Mai sito ya karanta ya ce, "Tabɗi! Ni me kika rubuta a bayan nawa?" Ta ce gara kada ya sani.

Abin da ya faru a ofishin Magatakarda, sakatariyarsa ce ta ba mu labari, kuma ba mace ce mai ƙarin gishiri ba. Magatakarda mutum ne mai tsari, ba mugu ba, amma sabuwar manhajar nan shi ya tsaya a gaban manya ya yabe ta. Ya duba fom ɗin biyu, ya duba ƙurar da ke jikin mayafin Uwar Kati, ya ce, "Na yarda mutum biyu ne. Sai dai dole in rubuta dalili. Wa zan ce ya yi kuskuren?"

"Ni, ranka ya daɗe. Ni na ce a sa ɗaya ga watan ɗaya, ni na ce za a gyara, ni kuma ban gyara ba. Ka rubuta haka."

"Uwar Kati, saura kwana nawa ki tafi? Shekara talatin da ɗaya fayil ɗinki fari tas, yanzu kike so in sa masa tabo?"

"Fayil ɗina sito za shi, ranka ya daɗe, na kuwa ga yadda siton yake. Ita ɗalibar kuwa jirgi za ta hau."

Injiniya, da ke tsaye bakin ƙofa, ya yi gyaran murya ya ce a haɗa da sunansa, domin shi ya saki sharar ba tare da ya sa ido ya duba ba. Magatakarda ya kalli wannan ya kalli wancan, ya girgiza kai ya ce tunda yake bai taɓa ganin ana rububin laifi ba sai yau. Ya ja biro ya sa hannu.

Kuna zaton an gama ko? Ina! Da safiyar Juma'a Mai Rijiya ta dawo cikin na'ura da fuskarta da wushiryarta, amma yarjejeniyar darussanta ta dawo ba sa hannun shugaban sashensu, sai ya sake sawa ta wayarsa. Farfesan kuwa ya kwashi ɗalibai sun tafi auna wata madatsar ruwa, inda waya ke kamawa idan ta ga dama. Tun sha ɗaya Uwar Kati take nemansa, sai ƙarfe uku saura ta same shi, muryarsa na yankewa. Ta bango nake jiyo ta.

"Farfesa, nemi tudu ka hau!"

"Ba tudu a nan, Uwar Kati, fili ne!"

"To hau kan motar!"

Ɗalibansa sun ce wallahi ya hau, da babbar hularsa ta rana, direba na riƙe masa ƙafa. Waya ta kama. Sai kuma ya yi ƙasa da murya ya ce ya manta kalmar sirrinsa. Ya rubuta ta a 'yar takarda, takardar na aljihun wata riga, rigar na gida. Uwar Kati ba ta yi ko tsaki ba. Ta karɓi lambar matarsa ta kira: "'Yar'uwa, don Allah duba aljihun rigunan maigidanki, akwai wata takarda. In kin gani kada ki karanta mini, shi za ki kira." Matar ta tsamo rigar daga kwandon wanki, saura kaɗan a jiƙa ta. Ƙarfe huɗu saura minti ashirin da biyu alamar sa hannun ta koma kore a allo, saƙo ya shigo daga can cewa an tabbatar. Mai Rijiya ta rungume Uwar Kati har gilashin idonta ya faɗi, ihun da suka yi kuwa sai da mai gadi ya hauro da sanda.

Wani da ya samu haka sai ya miƙe ƙafa ya jira ranar tafiyarsa. Ita ranar Litinin ta sa Injiniya ya fitar mata da duk waɗanda sharar ta haɗe. Suna hamsin da bakwai. Ta jera hotuna biyu-biyu tana dubawa, tana kiran waya, tana komawa sito, har ta ware goma sha tara da mutane ne daban aka cusa a riga ɗaya, yawancinsu ba su ma san sun ɓata ba. Ta aika wa duk masu ɗaya ga watan ɗaya su zo a gyara ko a yi musu alama. Kafin ta tafi sai da aka sa doka: manhaja ba za ta ƙara haɗe kowa ba sai ma'aikaci ya ga fuskokin biyu da idonsa.

Uwar Kati, ke ce aka ce na'ura za ta kora, kika zauna kika koye ta da furfurarki, kina dariyar kanki kafin a yi miki. Ke ce kika ga kuskurenki a allo, ba wanda ya tuna sai ke, kika ɗauke shi da hannunki kika kai gaban shugaba. Uwar 'ya'yan mutane, mai riƙe fuska ba lamba ba. Wallahi mun yi kewarki. Barandar nan ta yi shiru, har ƙarar dukan madannai nake marmari.

Mako biyu bayan ta bar aiki, 'yarta ta ce mini, Uwar Kati na zaune a falo da safe, ta shirya tsaf tun bakwai don jiki ya saba, ba kuma inda za ta, maigidan na tsokanarta wai ko ya buɗe mata ofis a kicin ta riƙa yi wa tukwane kati. Sai waya ta yi ƙara. Ɗan bidiyo ne. Ga Mai Rijiya cikin wata jibgegiyar rigar sanyi, tsaye gaban ƙofar gilashi ta laburaren waccan jami'ar. Ta ɗaga wayarta ta kara a jikin na'urar ƙofa, wuta ta yi kore, ƙofa ta zuge. Ta juyo baki har kunne, ido ya kawo ruwa, ta ce, "Mama, kin gani? Ta san ni!" Sau tara Uwar Kati ta kalla. A na goman maigidan ya daina tsokana, ya miƙa mata hankici.

Ku da kuke bayan tebura, a jami'a ko asibiti ko ofishin fasfo, ku koyi na'urar nan da kyau, alheri ce, ta rage mana wahala ba kaɗan ba. Amma ranar da mutum ya tsaya a gabanku da ransa da numfashinsa, allo kuma ya ce babu shi, kada ku ce masa "haka na'ura ta nuna" ku kira na gaba. Ku ɗaga kai ku dube shi, ku tashi daga kujera in ta kama, kamar yadda matar nan ta yi.

Mun gode, Uwar Kati. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki. Amma bari in gyara wa Mai Rijiya magana ɗaya: ƙofar can ba ta san kowa ba. Ke, Uwar Kati, kika san ɗalibar nan, kika kuma tsaya sai da ƙofar ta ji.